Motar Malam da Motar Alhaji a Hanyar Faraku

Tun da aka koma makaranta ban huta da tambaya ba. Mata a ɗakin malamai suna son jin yadda garin Faraku na ƙasar Benin yake, me ake ci, wace irin atamfa ake ɗaurawa. Maza kuwa, musamman maƙwabtanmu na Kwaciri da suka ga fitarmu, damuwarsu motocin da muka tafi da su ne. Na gaji da yanko labarin gutsi-gutsi a bakin ƙofa, shi ya sa na zauna in ba da shi tun daga farko.

Ga wanda bai san gidanmu ba, ni 'yar Gumel ce, koyarwa ta kawo ni Kano, aure ya zaunar da ni. Mijina Malam Tajuddin Bayarabe ne haifaffen Fagge, shi ma malamin makaranta. Yayansa Alhaji Rasaki yana da shagon kayan masarufi a kasuwar Singa, gidansa kuma yana Sabon Gari. Mahaifiyarsu Alhaja Sikiratu, wadda duk unguwa ke kira Mama, ta zo Kano tana amarya daga Saki a ƙasar Yarabawa, a nan ta tsufa. Tun rasuwar mijinta, Baba, a wurinmu take. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Iyawo take ce min, wato amarya, har yau da nake da 'ya a jami'a.

Mama tana da ƙanwa ɗaya da ta rage mata a duniya, Iya Muni, wadda aure ya kai Faraku a ƙasar Benin tun suna 'yan mata. Ana cikin dogon hutu aka bugo waya aka ce idon Iya Muni ya rufe gaba ɗaya. Mama ta ajiye wayar ta ce za ta je. Matsalar ita ce bara ta zame a banɗaki, ƙugunta ya taɓu, tun daga nan ba ta iya dogon zama. Motar haya ba ma abin magana ba ce. Malam ya fara lallashinta a bari sai ta ƙara samun sauƙi.

Ta ce, "Taju, a shekaruna sauƙin me kake jira? A zaune ko a kwance, ku kai ni."

A nan maganar mota ta taso, kuma a gidanmu maganar mota ba ƙaramar magana ba ce.

Motar Malam gadon Baba ce. Ƙirar Faransa ce irin waɗanda aka haɗa a Kaduna, doguwar nan mai layin kujeru uku da ake lodi da ita a tasha a da. Fetur take sha, fulogi huɗu, kafireto, giya huɗu ta hannu. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ba ta da esi, in ka ji zafi ka murɗa gilashi. Da fara ce, yanzu launinta ya koma kamar na kunun gyaɗa. Ta Alhaji kuwa ƙirar Jamus ce, ita ma ta kwana biyu a duniya, da kaɗan ta Malam ta girme ta. Gas take sha, wato dizal, silinda biyar, giyarta ita ke canja kanta. Baƙa ce, mai nauyi, mai faɗi, in ka rufe ƙofarta sai ka ji wani tim kamar ka rufe babban firji, daga nan hayaniyar titi ta ɗauke.

Bayan rasuwar Baba, Alhaji ya ce a sayar da tsohuwar wa 'yan gwangwan, ƙarfe ne kawai ya rage. Malam ya ce ba za a taɓa ta ba. Maganar ta yi zafi fiye da yadda ta kamata, aka faɗi abubuwan da ba na mota ba. Tun daga lokacin gaisuwa ce kawai ke haɗa su, sai ranar Sallah in an taru wajen Mama, Alhaji ya leƙa waje ya ce, "Har yanzu tana numfashi?" Malam ya ce, "Ta fi taka lafiya, Yaya." A yi dariya rabi da rabi.

To yanzu kowa ya ce tasa ce za ta ɗauki Mama. Alhaji ya ce akwai sanyi, kujerar gaba tana kwantawa. Malam ya ce za a naɗe kujerun baya a shimfiɗa katifa. Mama ta bari suka gama, sannan ta ce, "Duka biyun za su je. Zan gwada kowacce, ƙuguna zai faɗa min." Ni kuma aka ce duk inda Mama ta shiga nan zan shiga, don ni na san lokutan maganinta da yadda ake juya ta.

Muka fita bayan asuba, Mama a gaban motar Alhaji an kwantar mata da kujera, ni a baya, Malam shi kaɗai a tasa da katifa da buhun gero da daddawa da kilishi na tsaraba. Abin da na fara lura da shi, motar Alhaji ba ta da hanzarin tashi. In danja ta ba da hannu sai ta yi nishi tukuna kamar raƙumi zai miƙe, har mai adaidaita ya wuce mu. Ta Malam kuwa fit take yi ta bar wurin. Amma muna barin gari muka hau miƙaƙƙen titin Zariya sai labari ya canja. Da ta ɗauki gudu ba ta saki, ba ta girgiza, manyan motoci su gifta iskarsu ba ta ko kaɗa ta. Na riƙa hango ta Malam a gaba tana ɗan rangaji in tirela ta wuce. Kafin Zariya Mama ta yi barci, bakinta a buɗe.

A kan tudu Malam kan sauko da giya ya wuce mu, ya danna hon sau ɗaya. In an koma shimfiɗa Alhaji ya kamo shi a hankali ya wuce, bai ko waiwaya ba. Duk lokacin da Malam ya kunna sigina zai shiga gidan mai, Alhaji sai ya dubi allurar tankinsa da ba ta yi nisa ba, ya ce da ni, "Iyawo, mijinki ya sake jin ƙishirwa." Na ce, "Alhaji, ai gas ɗin ma yanzu ba arha ba ne." Ya ce, "Amma cokali take sha, waccan da kwarya."

Mun wuce Kaduna, mun wuce Suleja, mun kama hanyar Bida, sai na ga farin hayaƙi yana tashi daga gaban motar Malam. Ya gangara gefe. Robar da ke kai ruwa lagireto ce ta fashe, ruwan ya tsiyaye tas. Ba gari kusa. Alhaji ya fito ya duba, bai ce komai ba, ya buɗe but ya ɗauko igiya. Haka muka ja ta, kuma ita ta Jamus ko a jikinta, kamar ba a ɗaura mata komai ba. Na san shirun nan na Alhaji ya fi yi wa Malam ciwo a kan da ya yi magana. A ƙauyen farko muka sami bakanike a ƙarƙashin mangwaro. Ya leƙa, ya shiga wata 'yar rumfa, ya fito da robar a hannu. Ya ce kayan irin wannan motar ko a garin da ba kasuwa za ka samu. Ya nuna ta Alhaji da haɓa ya ce, "Waccan dai kada Allah ya sa ta lalace a nan." Malam ya ɗan sami abin riƙewa.

A Bida muka sauka gidan wata Hajiya Banufiya da ke aika wa Alhaji shinkafa. Gaisuwarsu ta ba ni mamaki. Mu a Kano ka durƙusa ka yi ina wuni ina gajiya ka miƙe. Su kuwa duka biyu ake tsugunnawa, a yi ta amsa wa juna a hankali kamar ba wanda yake da abin yi, in ka zaci an gama sai a sako wata. Gwiwata ta gaji kafin matan gidan su ƙare. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar wake da busasshen kifi wanda ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Mama ta ci kaɗan. Da na zo juya ta na ga ta cije leɓe, na tambaye ta, ta ce sanyin motar ya yi mata daɗi amma ƙafar ta sage.

An kwana ana ruwa. Da safe muka fito, Alhaji ya murɗa makulli ya jira fitilar hita mai ɗumama injin ta mutu kamar yadda yake yi, ya tayar. Ta yi gur-gur ta yi shiru. Ya sake, ta sake. A na uku batir ya ce ga garinku. Matasan unguwar suka taso za su tura, Alhaji ya ce irin wannan ba a tura ta. Malam ya matso da tasa gaba da gaba, aka aro wayoyi wajen mai walda. Batirinsa ƙarami ne, bai iya juya injin gas kai tsaye ba, sai da ya bar tasa tana aiki ya riƙe totur na ɗan lokaci kafin ta Alhaji ta kama, ta turnuƙe tsakar layin da baƙin hayaƙi. Shi ma Malam bai yi masa gori ba. Amma da yake naɗe wayoyin na ji yana 'yar waƙa a hanci.

Daga Bida zuwa Mokwa zuwa Jebba hanya ce ta tankoki da ramuka. Nan motar Alhaji ta fara shan wuya. Cikinta a ƙasa yake, ga nauyi, in ta faɗa rami sai ka ji ƙarfe ya gurji kwalta, Alhaji ya runtse ido kamar shi aka gurza. Dole ya riƙa tafiya kamar mai tallan ƙwai. Mama ta daure, ta daure, can ta ce, "Rasaki, tsaya." Muka kama ta mu uku muka mayar da ita kan katifa a motar Malam, na sa mata filo a ƙarƙashin gwiwa, na zauna a gefenta.

Ban taɓa sanin abin da ake yabo a motar nan ba sai ranar. Akwai zafi, akwai ƙara, ƙofar baya tana kaɗawa, warin fetur yana shigowa. Amma ramin da ta Alhaji za ta tsaya ta lallaɓa, ita sai ta taka shi ta wuce, ta yi lilo sau ɗaya ta daidaita, kamar kwale-kwale a kan ruwa. Mama ta yi ajiyar zuciya ta ce, "A nan baya na kwanta da aka kai ni haihuwar autata. Ubanku yana tuƙi yana salati." Malam ya dube ta ta madubi.

Wani abu da na lura, muna haye gadar Jebba Mama ta daina Hausa. Matar da ko mafarki na tabbata da Hausa take yi, sai ga ta tana nuna min itatuwa da masu tallan doya tana bayani da Yarabanci, ta manta rabi nake ji.

Mun kwana a Saki, gidan kawunsu Malam. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba: Alhaji Rasaki, wanda in ya shigo layinsu a Singa ake miƙewa, ya cire hula ya kwanta rub da ciki a ƙasa gaban wani tsoho mai sanda, Malam a gefensa. Ni kuma gwiwa biyu a ƙasa, ba tsugunno irin namu ba. Da suka buɗe baki suka gaisa, duk gidan aka fashe da dariya, wai Yarabancinsu na Hausawa ne. Gambari suke kiransu, wato Hausawa a bakin Yarabawa. A hanya Malam ya ce min, "Kin gani, a Kano mu Yarabawa ne, a nan mu Hausawa." Ya faɗa yana dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

An kawo amala da miyar wake da ta ganye a kwano ɗaya, da jar miya a kai. Ina cin amala a Sabon Gari, na ɗauka na san yaji. Loma ta biyu hawaye ya zubo, hanci ya biyo baya. Matar kawu ta tausaya min ta kawo min wata miyar, ta ce wannan ta yara ce. Ita ma sai da na haɗa da ruwa kofi biyu.

Daga Saki aka ce mu bi ta ƙasar Baruba mu fita ta iyakar Cikanda, ta fi kusa da Faraku. Hanyar wani wuri kwalta, wani wuri jar ƙasa, ga damina. Muka iso inda ruwa ya cinye rabin titi, motoci suna zagayawa ta gefen wata gona. Malam ya tsaya ya duba, ya sa giya ta biyu, ya shiga da ɗan gudu. Ta yi wutsil-wutsil da gindi ta fita. Mama ko farkawa ba ta yi ba. Alhaji ya biyo sawunmu. Yana kai tsakiya ta zauna, cikinta ya dafe a laka, tayoyin baya suna juyawa a banza.

Aka ɗaura igiyar nan dai, wannan karon ta Malam ce a gaba. Ta yi ƙara, ta yi hayaƙi, tayarta ta tona rami, ta Jamus ko motsi. Nauyin ya fi ƙarfinta. Wasu manoma biyu suka zo da fartanya suka kwashe lakar gaban tayoyi, aka sassaro rassa aka cusa. Sai aka rasa mai zama a sitiyari, don ana bukatar kowane namiji a baya. Alhaji ya dube ni ya ce, "Iyawo, kin iya ai. Babu kuloci, ki taka a hankali kawai, kada ki ji tsoronta."

Na shiga na zauna. Ta madubi na hango su, Alhaji ya tuɓe babbar riga, Malam ya naɗe wando, kafaɗa da kafaɗa a jikin but. Na taka, laka ta yi tsalle ta wanke su tun daga gemu har gwiwa. Malam ya ce, "Yaya, ɗaga ta nan, ta nan." Alhaji ya ce, "Na ɗaga, kai dai tura." A karo na uku ta yunƙura ta fita, amma ta bar rabin salansa, wato bututun hayaƙi, a baya. Suka tsaya suna haki suna kallon juna, sai Alhaji ya fara dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Malam ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure abin da ya rage da waya. Daga nan har Faraku motar da ba a jin numfashinta ta koma ruri kamar injin niƙa.

A kan iyaka ba mu sha wahalar da nake tsoro ba. Aka duba katunanmu, aka buga hatimi, aka ce a kawo takardun mota don a ba su izinin shiga. A ɓangaren Benin jami'in ya duba na Malam ya ga suna da hoton wani dattijo, ya tambaya da Yarabanci ina mai motar. Malam ya fara lalubo takardar gado a jaka yana haɗa Turanci da Hausa. Sai Mama ta ɗago kai daga katifa ta ce, "Mai motar yana maƙabarta a Kano. Ni ce matarsa, waɗannan biyun masu laka ni na haife su." Mutumin ya leƙo ta taga, ya cire hula ya gaishe ta, ya karɓi takardar ya duba, ya ba mu hanya. Ya bubbuga bonet ya ce irinta ubansa ya yi haya da ita har ya tsufa.

Muka ratsa Nikki muka shiga Faraku da la'asar. Abin da ya fara ɗaukar idona mata ne a kan babur, ba a goye ba, su ke tuƙi, da goyo a baya da kwando a gaba, wasu da hijabi har ƙasa, ba mai ko kallonsu. Ga fetur a manyan kwalabe jere a bakin titi. Ga irin motar Malam ko'ina, an lafta musu buhuna har sun fi tsayinsu, suna tafiya abinsu.

Gidan Iya Muni yana wata unguwa bayan babbar kasuwa. Ɗanta Sulaimanu, wanda direba ne, shi ya tarye mu. Muka sauko da Mama, ta ƙi a ɗauke ta, ta ce da ƙafarta za ta shiga. Ta dafa ni ta dafa sanda. Iya Muni tana zaune a kan tabarma a baranda, 'yar ƙaramar tsohuwa, fuskarta sak ta Mama. Ta juyo da kunne wajen ƙarar sandar. Mama ta kira ta da wani suna da ban taɓa ji ba, na yarinta. Tsohuwar ta miƙo hannu biyu a iska. Muka zaunar da Mama a gabanta, ta shafa goshinta, ta shafa kumatunta, ta kama kunnenta, sannan ta faɗi wata magana, su biyun suka yi dariya suna hawaye. Daga baya na tambayi Malam me ta ce. Wai cewa ta yi, "Kin tsufa." Mama ta ce, "Ke da ba kya gani ma kin sani."

Mun ɗan kwana biyu a Faraku. Na ci sakwara da miyar gyaɗa da wani cuku na Fulani da suke soyawa, wagashi, wanda na so ƙwarai. Da safe dogon burodi mai tauri, in ka gutsira ɓawon ya zubo maka a cinya. Da tsakar rana gari yakan yi tsit, ofisoshi da shaguna da yawa a rufe, kowa ya tafi ya ci ya kwanta, sai rana ta yi sanyi a sake buɗewa. Na yi tunanin wanda zai gaya wa 'yan Singa su rufe shago da azahar su je barci. A zango na sami Hausawa, Hausarsu da ɗan bambanci, amma suna jin daga Kano nake aka kawo min kujera.

Su Malam kuwa gareji suka tare. Ba su jin Faransanci, ba su san kowa ba, ga salansa na jiran gyara. Wani bakanike ya ƙera wa motar Alhaji wani daga na wata motar daban, don nata ba a samu ba. Ta Malam kuwa har abin da bai nema ba aka kawo masa. Kullum tare suke fita, tare suke dawowa, suna musu a kan wace ta fi, amma yanzu musun na mota ne kawai.

Ranar da muka fara haɗa kaya, na shiga in naɗe zannuwan Mama, ta ce in bar su. Ta sa na kira su duka biyu. Suka zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ni ba zan bi ku ba."

Malam ya ce, "Mama, maganinki fa? Likitanki fa?"

"Akwai likita a nan. Ku dubi Muni. Matar Sulaimanu tana kasuwa tun safe, yara suna makaranta. Wuni take a tabarmar nan, ko ruwa sai ta lalubo. Ni ina gani, ita tana tafiya. Tun da na zo ta fara cin abinci."

Na matso kusa da ita. Na ce, "Mama, ko mun yi miki wani abu ne?"

Ta kama hannuna ta ce, "Iyawo, da kin yi min da tuni kin ji. Kin san bakina." Sannan ta juya wajen Malam. "Abu ɗaya nake so. Ka bar min motar ubanku. Sulaimanu zai riƙa kai mu asibiti. Ranar da na so Kano kuma, a cikinta za a kwantar da ni a kawo ni."

Malam ya sunkuyar da kai. Na san abin da motar nan take a wurinsa. Duk ranar Asabar shi yake wanke ta da hannunsa, ko 'ya'yansa bai yarda su tuƙa ba. Sai Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Mama, a bar tawa. Akwai sanyi, ba ta shan mai. Taju ya tafi da tasa."

Malam ya ɗago ya dube shi.

Mama ta ce, "Taka ta masu zama ce, Rasaki. Ni na gama zama."

Alhaji ya jinjina kai ya ce, "Gaskiya ne. A hanyar nan ta Baba ta fi." Ya faɗa yana kallon ƙasa. Malam ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya ajiye a kan tabarma kusa da ƙafar Mama. Washegari shi da Sulaimanu suka je suka yi abin da ya kamata a kan takardu.

Sallamar ba ta yi tsawo ba, Mama ba ta son haka. Ta yi mana addu'a da Yarabanci, ta ƙarasa da Hausa, ta ce in kula da tukunyar ganyenta da ke bayan ɗaki. Da muka fito Malam ya zagaya motar sau ɗaya, ya gwada ƙofar baya ya ga ta rufu, ya shiga ta Alhaji.

Dawowa mu uku a mota ɗaya, muka bi doguwar hanya mai kwalta don gudun laka. Bayan Jebba Alhaji ya ce bayansa ya gaji, ya tsaya ya miƙa wa Malam makulli. Shi ne karo na farko da ya taɓa sitiyarinta. Da farko ƙafarsa ta hagu tana ta neman kuloci, hannunsa yana kai wa giya cafka. Da muka hau titi mai kyau ya ɗan taɓa tafiya, can ya ce, "Tana riƙe hanya." Alhaji ya ce, "Sai dai ba ta son rami." Daga nan suka koma hirar yarintarsu a Fagge, ni kuma na yi barci.

Mun shigo Kwaciri ana kiran la'asar. Na zaci Alhaji zai sauke mu a ƙofa ya wuce Sabon Gari kamar kullum, sai ya kashe mota ya biyo mu ciki, ya zauna a tabarma ya ce in akwai abinci a ba shi. Ina cikin ɗora tukunya waya ta yi ƙara. Mama ce. Ta tambaya ko mun isa, ko an ci abinci, sannan ta ce ga Sulaimanu, motar ta ƙi tashi tun safe, yana ta fama.

Malam ya karɓa ya sa a sifika. Ya ce, "Kada ka yi ta murɗa makulli, za ka kashe batir. Ka taka totur sau biyu tukuna, ka saki, sannan ka tayar."

Alhaji ya matso da bakinsa kusa da wayar ya ce, "Sau uku. Baba sau uku yake takawa, na ukun ya riƙe rabi."

Malam ya ce, "Yaya, kai ka san wannan?"

Alhaji ya ce, "A cikinta na koyi tuƙi kana goye."

Muka yi shiru mu duka muna saurare. Daga can Faraku muka ji ta yi tari sau ɗaya, ta kama.